BABI NA UKU: JIGON TALAUCI DA JINƘAI A FIM ƊIN "LA PETITE VENDEUSE DE SOLEIL"

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin fim ɗin La Petite Vendeuse de Soleil, wato "Yarinya Mai Tallar Rana", na Djibril Diop Mambéty, mutumin ƙasar Senegal. Fim ɗin yana cikin rukunin finafinai masu zaman kansu, waɗanda ake shiryawa da ɗan kuɗi kaɗan ba tare da wani babban kamfanin kasuwanci ya tsara wa mai fim abin da zai faɗa ba. Za a kawo taƙaitaccen tarihin mai fim ɗin da labarinsa, sannan a warware jigo, a dubi salo. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: shin jinƙan da aka nuna a fim ɗin ya ƙara fito da zafin talauci fili ne, ko kuwa ya lulluɓe shi?

3.1 Mai Fim da Zamaninsa

An haifi Mambéty a shekarar 1945 a Colobane, cikin yankin Dakar, ya kuma rasu a birnin Paris a watan Yuli na shekarar 1998. Manyan finafinansa guda biyu su ne Touki Bouki na 1973 da Hyènes na 1992. A ƙarshen rayuwarsa ya ɗauki niyyar shirya gajerun finafinai uku a kan rayuwar ƙananan mutane. Na farko shi ne Le Franc na 1994, na biyu shi ne wanda ake nazari a nan, wanda bai fito ba sai a 1999, bayan rasuwarsa. Na ukun kuwa ajali bai bari ya yi shi ba. Tsawon fim ɗin kimanin minti 45 ne, mafi yawan maganganun cikinsa da harshen Wolof aka yi su, ƙanensa Wasis Diop kuma shi ya tsara kiɗan.

Wajibi ne a tuna cewa a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa a kan sefa 50 ya koma sefa 100, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Wannan masifa ta shafi Senegal kamar yadda ta shafi Jamhuriyar Nijar, domin kuɗinsu ɗaya ne. A cikin wannan hali na ƙunci aka gina labarin.

3.2 Labarin a Taƙaice

Babbar tauraruwar fim ɗin ita ce Sili Laam, yarinya gurguwa mai dogara sanduna biyu, wadda take shigowa Dakar daga wata unguwar talakawa domin yin bara. Kakarta makauniya ce, tana zama a bakin hanya tana rera waƙoƙin addini ana ba ta sadaka. Wata rana yara maza masu tallar jarida suka bangaje Sili ta faɗi. Daga nan ta ƙudura cewa abin da namiji yake yi ita ma za ta yi, sai ta je inda ake raba jarida ta karɓi kwafi 13 na Le Soleil, jaridar gwamnati, wadda ma'anar sunanta ita ce "rana". Wani mutum mai hali ya saye su duka, ya ba ta takardar sefa 10,000. Ɗan sanda ya ga kuɗin a hannunta ya zarge ta da sata, ita kuwa ta bi shi har caji ofis ta wanke kanta. Yaran nan maza ba su ƙyale ta ba. Sun jefa sandarta cikin ruwa a tashar jiragen ruwa, wani saurayi mai tallar jarida, Babou Seck, ya shiga ya ɗauko mata. A ƙarshe suka fizge sandar suka gudu da ita, Babou ya goya Sili suka ci gaba da tafiya.

3.3 Warwarar Jigo

Babban jigon fim ɗin shi ne mutuncin talaka a cikin ƙunci. Ana iya ganin haka tun daga fitowa ta farko, inda aka kama wata mata a kasuwa bisa zargin sata, aka wulaƙanta ta, jama'a suna tsaye suna kallo babu wanda ya ce uffan, har aka kulle ta hankalinta ya gushe. Da aka yi wa Sili irin wannan zargi, ta buɗe baki ta kare kanta a gaban babban jami'i, sannan ta nemi a saki matar nan, aka kuwa sake ta. Wato mai fim ya jera fitowa biyu masu kama da juna domin mai kallo ya auna su. Abin da taron manya masu lafiya suka kasa yi, yarinya gurguwa ta yi shi.

Idan aka lura za a ga jinƙai iri biyu ne a fim ɗin. Na farko shi ne wanda yake gangarowa daga sama, irin na mai halin da ya ba da sefa 10,000. Wannan kyauta ta faranta wa Sili rai, amma ita ce kuma ta jawo mata zargi, domin a idon hukuma babban kuɗi a hannun talaka shaidar laifi ne. Na biyu shi ne jinƙan da talakawa suke yi wa junansu. Yaro mai keken doki yana rage wa Sili hanya zuwa gari. Babou yana shiga ruwa saboda sandarta. Ita kanta Sili, da kuɗin suka zo hannunta, laima ta saya wa kakarta don kare ta daga rana, ta kuma rarraba saura ga mabarata. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma wannan jinƙai na biyu shi ne ya ɗauki Sili har ƙarshen fim, lokacin da kuɗin mai hali suka riga suka ƙare.

Daɗin daɗawa, mai fim bai mai da talakawa waliyyai ba. Waɗanda suka fi cutar da Sili su ma 'ya'yan talakawa ne masu neman na tuwo. Masu sayen jarida kaɗan ne, masu talla sun yi yawa, saboda haka duk kwafin da ta sayar ragi ne a cinikinsu. A nan fim ɗin ya nuna cewa rashi yana haifar da mugunta kamar yadda yake haifar da tausayi, kuma duka biyun a titi ɗaya suke zaune.

3.4 Salo

Mambéty ya fi dogara da hoto a kan magana. A farkon fim an nuna wani mutum zaune yana fasa duwatsu da guduma, jirgin sama yana wucewa ta kansa. Babu wanda ya yi bayani, amma mai kallo ya fahimci tazarar da take tsakanin masu tashi da masu zama. Haka kuma ana jin ƙarar sandunan Sili a kan kwalta, kyamara tana jiran ta har ta iso, ta yadda dole mai kallo ya bi tafiyarta a sannu. Akwai kuma wasa da kalmar "rana": sunan jarida ce, kuma hotonta Sili ta zana a matsayin sa hannu da ta karɓi jaridu.

Bugu da ƙari, an saka wani kanun labari a jaridar da ke cewa Afirka ta fice daga tsarin kuɗin faran. Wannan ƙagaggen labari ne, domin har yau Senegal da Nijar suna amfani da sefa. Manufarsa ita ce a haɗa halin yarinyar da halin nahiyar: kowaccensu tana dogara sandar da wani zai iya fizgewa.

3.5 Rauni da Ƙarfin Fim ɗin

Mai nazari yana ganin raunin fim ɗin yana wurare biyu. Na farko, kyautar sefa 10,000 sa'a ce irin ta tatsuniya, wadda mai talla zai shekara bai gamu da ita ba. Na biyu, yadda jami'in 'yan sanda ya saurari yarinya mabaraciya har ya saki wadda take tsare bisa maganarta ya yi sauƙi ƙwarai. Idan aka kwatanta da Borom Sarret na Sembène Ousmane, wanda ya fito a 1963, za a ga bambanci. A can mai keken doki ya shiga unguwar masu hali ta Dakar, ɗan sanda ya ƙwace kekensa, ya koma gida hannu rabbana. Sembène ya bar hukuma da fuskarta ta gaskiya, Mambéty kuwa ya sassauta mata.

Duk da haka, ƙarshen fim ɗin ya rage nauyin wannan suka. Da mai fim yana son ya lallashi mai kallo ne, da ya sa mai halin nan ya dawo ya ɗauki Sili ya kai ta makaranta ko asibiti. Bai yi haka ba. An rufe fim tana da ƙasa da abin da ta fara da shi, domin sanda ɗaya ta tafi, ba ta da abin dogara sai bayan wani talaka ɗan'uwanta.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa jinƙan da ke cikin fim ɗin bai lulluɓe talauci ba, sai a fitowa biyu da aka nuna rauninsu. Sauran fitowar sun tabbatar da cewa taimakon da talaka yake yi wa talaka yana sa a kai gobe, amma ba ya kawar da dalilin ƙuncin. Darasin da masu shirya finafinan Hausa za su ɗauka shi ne, ana iya ɗora labari sukutum a kan gurguwa ko makauniya ko almajiri, a ba su baki da hankali da zuciya, ba tare da an mai da su abin dariya ko abin tausayi kawai ba. Babi na gaba zai dubi yadda aka fito da mata a irin waɗannan finafinai.