Dillalan adabi: wa suke nema, kuma me suke saye?

Kowace shekara mujallun marubuta na Ingila da Amurka sukan fitar da jerin sunayen wasu mutane da ke cewa ƙofarsu a buɗe take ga sababbin marubuta. Su ne waɗanda Faransawa ke kira agents littéraires, mu kuwa ba mu da sunan da ya fi dacewa da su irin dillalai. Sanarwar tasu tana isowa har nan, tana faɗawa hannun malamin makaranta a Maraɗi ko Tawa wanda ya shekara biyar da kundin labari a cikin akwati, sai ya ɗauka ranar da yake jira ce ta zo. Kafin ya tura guminsa, ya kyautu a duba ko wane ne dillalin nan, da abin da ya tsinana wa adabin wasu ƙasashe, da inda hannunsa ba ya kaiwa.

Aikinsa bai sha bamban da na dillalin kara ba. Mai saniya ya san saniyarsa, amma dillali ne ya san masu saye, ya san wanda ke da kuɗi yau da wanda bashi ya yi wa katutu. Haka dillalin adabi yake karɓar rubutu, ya kai shi ga kamfanin buga littattafai da ya san zai so shi, ya yi ciniki, ya karanta yarjejeniya layi-layi, ya bi sawun kuɗi, sannan ya cire la'adarsa. Wanda ake ɗauka shi ya fara mai da wannan aiki sana'a shi ne A. P. Watt, a Landan, wajen 1875. Kashi 10 cikin 100 yake cirewa, kuma Rudyard Kipling da Conan Doyle na cikin marubutansa. Yau la'adar ta zama kashi 15, takan kai 20 idan an sayar da haƙƙin fassara. Masu kamfanoni ba su yi maraba da shi ba. A 1893 William Heinemann ya yi rubutu mai zafi inda ya ɗauki dillalai tamkar kaska a jikin sana'a. Abin dariya, ta hannun wani dillali ne rubutun Chinua Achebe, Things Fall Apart, ya isa kamfanin Heinemann ɗin, aka buga shi a 1958.

Wanda ke son ganin iyakar alherin da dillali zai iya yi, sai ya dubi Carmen Balcells ta birnin Barsalona a ƙasar Sipaniya, wadda ta rasu a 2015. Lokacin da ta kafa ofishinta, wajen 1960, marubuci mai rubutu da Sipaniyanci yakan sa hannu ya sallama littafinsa gaba ɗaya, babu wa'adi, babu iyakar ƙasa. Ita ce ta tsaya kai da fata sai an sa wa kowace yarjejeniya wa'adin shekaru, in wa'adi ya cika littafi ya koma hannun mai shi a sake ciniki. Ta kuma rarraba haƙƙoƙi: na bugu daban, na fassara zuwa kowane harshe daban, na fim daban, kowanne da farashinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Cien años de soledad na Gabriel García Márquez, wanda ya fito a Buenos Aires a 1967, da an sallama shi a dunƙule, da wasu ne suka ci moriyar fassarorinsa. Mario Vargas Llosa ya sha ba da labarin yadda ta same shi a Landan yana koyarwa a jami'a, ta ce ya ajiye aikin ya koma Barsalona ya duƙufa kan rubutu, in kuɗin littafi ba su isa ba ita za ta riƙa biyansa daidai albashinsa. Ya koma a 1970. Malaman makaranta da ke rubutu bayan sallar isha'i, da tarin takardun yara na jiran gyara, sun fi kowa sanin darajar irin wannan tayi. Marubuta shida daga cikin waɗanda ofishinta ya wakilta sun sami kyautar Nobel.

Sai dai a lura da abu guda. Balcells ta yi cinikinta da harshen da ɗaruruwan miliyoyin mutane ke karantawa, daga Madrid har Meziko. Marubutanta na Peru da Guwatemala sun cika littattafansu da rayuwar ƴan asalin ƙasa, amma da Sipaniyanci suka yi. Harsunan mutanen da ake ba da labarinsu, irin su Kecuwa, ba su shiga wannan kasuwa ba.

A Faransa, inda yawancin marubutanmu masu rubutu da Faransanci suka sa ido, dillali ya daɗe yana zaman baƙo. Al'adar can ita ce marubuci ya aika rubutunsa kai tsaye ga kamfani, ya jira. Ahmadou Kourouma ya jira bai samu ba, sai a Montreal aka buga Les Soleils des indépendances a 1968, kafin kamfanin Seuil ya ɗauke shi a 1970. Yarjejeniyar da aka saba da ita a Paris kuwa takan riƙe littafi muddin haƙƙin mallaka na nan, wato har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kuma sau da yawa takan haɗa da fassara. Daga baya ne abubuwa suka fara motsi. Ofishin da Pierre Astier ya buɗe a 2006 na cikin ƙalilan da suka mai da hankali ga marubutan Afirka da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci. Mu a Nijar mun ga yadda littafi ke haihuwa: Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ɗan ƙasar Damagaram, ya fito a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Duk wanda zai sa hannu a kan takarda ya tuna cewa tun a ranar ake yanke wanda zai mallaki irin wannan haihuwa.

To, me dillalan ke nufi idan sun ce suna neman sababbin marubuta? Gaskiya suke faɗi, domin sabon suna yana da kasuwa. David Godwin ya karanta rubutun Arundhati Roy, ya hau jirgi ya tafi Indiya takanas don ya wakilce ta, littafin ya ci kyautar Booker a 1997. Imbolo Mbue ƴar Kamaru, dillaliyarta ta sayar da littafinta na farko a 2014 a kan kuɗin da aka ce sun kai dalar Amurka miliyan ɗaya, ya fito a 2016 da sunan Behold the Dreamers. Irin waɗannan labarai ake yaɗawa, su ne kuma ke hana matasa barci. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, dillali idonsa na kan mai saye, mai sayen kuwa yana Landan ko New York, yana da hoton Afirka da ya riga ya saba da shi. Dillalin yau yakan gyara rubutu kafin ya kai shi kasuwa: a rage nan, a yi wa wannan al'ada bayani, a ƙara wa wancan babi ɗaci. Kowace shawara in an ɗauke ta ita kaɗai tana da hujja. In aka tara su, sai a sami littattafai masu kama da juna, cike da yaƙi da yunwa da ƙaura, waɗanda aka rubuta a kanmu domin wasu su karanta. Binyavanga Wainaina na Kenya ya yi wa wannan ɗabi'a shaguɓe mai zafi a mujallar Granta a 2005. Ban ce dillalai ne suka ƙirƙiro ta ba, amma su ne masu tsaron ƙofa, kuma mai neman shiga yakan koyi irin rigar da ake bari a shiga da ita. Labarin kishiyoyi biyu a wani gida na Tasawa, wanda babu bindiga a ciki, babu mai tsallaka Sahara, zai sha wuya a wannan ƙofa ko da ya fi sauran kyau.

Mai rubutu da Hausa kuwa, maganarsa ta fi haka sauƙi. Dillalin ba ya jin harshen, lissafin kuma ba ya fita. A ce littafi ana sayar da shi jikka 3, marubuci na da kashi 10, wato dala 60 a kowane kwafi. In an sayar da kwafi 1000, ya sami jikka 300, la'adar dillali jikka 45. Babu ofishin da zai rayu a kan haka. Shi ya sa adabin Hausa ya bi wasu hanyoyi. A 1933 Rupert East na ofishin fassara na Zariya ya zagaya garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Shi ma neman sababbin marubuta yake, amma ma'aikacin hukuma ne mai neman littattafan makaranta, ba wakilin marubuci ba. Marubutan Kano, tun daga shekarun 1980, sun ɗauki nauyin kansu: su buga, su kai kasuwa, ƴan kasuwa su rarraba har Maraɗi da Damagaram. Da ɗaya daga cikin littattafan nan, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ya fita duniya da Ingilishi a 2012, fassarar Aliyu Kamal ce, kuma wani ƙaramin kamfani na birnin Chennai a Indiya, Blaft, ne ya buga shi. Hanyar ba ta bi ta Landan ba.

Akwai kuma masu fakewa da sunan dillanci. Alamarsu ɗaya ce: suna neman kuɗi tun kafin ciniki, da sunan kuɗin karatu ko na gyara ko na rajista. A kara ba a biyan la'ada sai ciniki ya faɗa, kuma ƙungiyoyin dillalan adabi na Ingila da Amurka sun hana ƴaƴansu karɓar kuɗin karanta rubutu. Wanda ya yaba wa rubutunka kwana biyu da aikawa, ya biyo da lambar asusu, daga aljihunka yake ci.

Abin da ya rage mana daga Balcells shi ne tsarin takardarta, kuma wannan ba ya bukatar ofis a Barsalona. Ƙungiyar marubuta ko ta raya al'adu a Yamai ko Tawa za ta iya ware mutum biyu, ɗaya mai sanin doka, su riƙa karanta wa ƴaƴanta yarjejeniya kafin a sa hannu, tare da tuntuɓar ofishin kare haƙƙin mallaka na ƙasa, BNDA. Za ta iya zaɓen littafi ɗaya na Hausa a shekara, ta sa a fassara shafi 20 zuwa Faransanci da kyau, a haɗa da taƙaitaccen bayani, domin da irin wannan ɗanɗano ake cinikin fassara a baje kolin Frankfurt kowane watan Oktoba. Wurin karanta yarjejeniya kuwa, a fara neman layin wa'adi. In babu shi a sa a rubuta, shekara biyar ko bakwai, a kuma ƙara cewa haƙƙin fassara da na fim da na karantawa a rediyo suna hannun marubuci sai ranar da aka yi musu nasu ciniki.