Kututture Mai Rai: Nazarin Karatun Manya a Makarantun Kirista na Arewa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar ta dace da yaro, amma ta zalunci babba, domin ta sa masu tsara karatu suna kallon magidanci tamkar busasshen reshe. Ni da na tashi a Jangeru ta ƙasar Shinkafi, na san manoman da ba su taɓa zama a aji ba, alhali suna karanta hadari da launin ƙasa fiye da yadda nake karanta takarda. Da idonsu nake so in auna tsarin da makarantun Kirista suka yi wa karatun manya.

Mishan ɗin SIM ya shigo ƙasar nan a 1893, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sannan ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Karatu kuwa ya rabu gida biyu. A ƙasa akwai makarantun da suka fara da Hausa, irin ta Kagoro da ta Tsibiri kusa da Maraɗi, inda magidanci ke zuwa da iyalinsa. A sama akwai kwalejin tauhidi ta Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, da Jami'ar Bingham ta Karu, wadda aka kafa a 2005, inda Turanci ne harshen aji.

Ba na raina wannan bene na sama, domin mai fassara nassi yana bukatar harsunan asali da zurfin bincike. Aibin da nake gani yana jikin tsanin da ya haɗa su. Duk matakin da ɗalibi ya hau, sai Hausa ta ragu, fartanya ta yi nisa, har noma da kiwo da lissafin kuɗi suka zama rabon wanda bai samu hawa ba. Sai malami ya komo da digiri, ya tarar da jama'ar da tambayarsu ta farko ita ce yadda hatsi zai kai su damina, shi kuwa ba a tanade shi da amsa ba.

Abin da ya faru a Maraɗi ya ƙaryata wannan rabo. Tony Rinaudo, masanin noma daga Ostireliya da ke aiki da SIM, ya yi ta rarraba dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ciyayin da manoma ke sharewa kowace shekara tohon kututture ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Darasin duka bai wuce a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran ba. Shi ne ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, kuma da tallafin ya ƙare mutane da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka samu makamashi da abincin dabba da kariya daga iska, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. An ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Hukunci biyu nake cirowa daga nan. Na farko, karatun da aka saya da kyauta yana ƙarewa ranar da kyautar ta ƙare. Wanda ya zauna shi ne wanda babba ya gwada a gonarsa ya ga amfaninsa. Na biyu, manomin ya riga ya san sabara da kalgo da gawo, malami bai kawo masa sabon iri ba. Haka babban ɗalibi yake: kututture ne mai saiwa, aikin manhaja ta gano tohonsa ta raine shi.

Wannan ya fi matsa mana a arewacin Zamfara. Kiristoci tsiraru ne a nan, galibi a garuruwa irin Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya iso a 1929. 'Yan bindiga sun raba dubban mutane da gonakinsu a Shinkafi da Zurmi, don haka ba magidancin da zai bar iyali shekara uku ya tafi neman takarda. Akwai abin koyi a tsarin da aka soma a Guwatemala a 1963, inda malami ke bin ɗalibi garinsa maimakon a kira ɗalibi makaranta. Sai dai kai littattafai ƙauye bai isa ba, in har abin da ke cikinsu bai sauya ba.

Manhajar da zan yaba ita ce wadda ke hutawa da damina ta yi aiki da rani, ta koyar da tauhidi mai zurfi da Hausa, ta kuma ba ajiyar hatsi, da lissafin adashi, da sulhun manomi da makiyayi, da rarrashin wanda aka kashe wa nasa, maki daidai da na nassi. Darussan sana'ar kuwa su buɗe wa maƙwabci ba tare da sharaɗi ba, domin yawancin manoman da suka raya itatuwan Maraɗi Musulmi ne, kuma inuwar ta rufe kowa. Makarantar da ɗalibinta ya iya fassara aya amma rumbun jama'arsa ya ƙare tun kafin shuka, rabin aikinta kawai ta yi.