Frans Hals da Hotunansa na Ƙarshe: Yabo Ne ko Zambo?

Daga cikin matsalolin da suka daɗe suna damun masu tarke akwai ta auna aikin mai fasaha da ma'aunin tarihin rayuwarsa. Wannan maƙala za ta dubi matsalar ta kan Frans Hals, mai zanen kamannin mutane na ƙasar Holan.

An haifi Hals a birnin Antwerp wajen 1582 ko 1583. Iyayensa sun ƙaura zuwa Haarlem bayan da Sifaniyawa suka ci Antwerp a 1585, a nan kuwa ya zauna har rasuwarsa a 1666. Ya shiga ƙungiyar masu zane ta garin a 1610, sunansa kuma ya fito a 1616 da hoton walimar hafsoshin rundunar tsaron gari. Inda ya sha bamban da takwarorinsa shi ne ba ya goge sawun buroshinsa. Yakan bar zane-zanen fenti a fili, ta yadda wanda ya matso kusa zai ga kamar dagwalo, wanda ya ja da baya kuwa zai ga fuska mai rai.

Wannan salo ne ya jawo masa fassara iri biyu. Ta farko ta fito daga Arnold Houbraken, wanda ya rubuta tarihin masu zanen Holan fiye da shekara 50 bayan rasuwar Hals, ya kuma bayyana shi a matsayin mashayi. Daga nan wasu suka ɗauka rawar hannu ce ta haifi salon. To amma attajiran Haarlem sun yi kusan shekara 50 suna ba shi aiki, ba kuwa a ba mai rawar hannu irin wannan amana.

Fassara ta biyu ta shafi hotuna biyu da ya yi wajen 1664, na maza da matan da ke kula da gidan tsofaffi na Haarlem. A lokacin ya haura shekara 80, bashi ya yi masa katutu, hukumar gari ce ma take ba shi tallafi. A 1972 John Berger ya nuna cewa hotunan suna ɗauke da kallon da matalauci yake yi wa masu riƙe da abincinsa, inda ya saɓa wa Seymour Slive, wanda ya ƙi yarda cewa akwai gaba a cikinsu.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen Slive. Hals bai taɓa zama a gidan ba, kuma waɗanda aka zana su ne suka nemi a yi aikin, suka rataye shi a ɗakin taronsu. Da wuya mutum ya sayi zambon kansa ya kafa a zaure. Duk da haka Berger bai ɓata gaba ɗaya ba, domin Hals bai yi musu kwalliya ba: ya bar tamoji a fuska, ya bar jijiyoyi a hannu. Abin lura shi ne haka ya zana mawadata da mabarata tun yana da ƙarfinsa.

Saboda haka hotunan ba yabo ba ne, ba kuma zambo ba. Aikin mai ido ne wanda bai saba ƙawata abin da ya gani ba. Suna nan har yau a wannan gini, wanda aka mai da shi gidan adana ayyukan Hals a 1913.