Bulalar Malam da Hakkin Uba

Jama'a, gardamar iyaye da malaman makarantun allo a kan horon yara tana da magani a littattafanmu. Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Malikiyya na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya iyakance wa malami bulala uku. Ƙari sai da izinin uba, kuma ban da fuska da kai. Saboda haka malamin da ya farfasa jikin yaro ya ƙetare haddi. Amma uban da ba ya tashin ɗansa sallar Asuba, sa'an nan ya zo yana yi wa malam hayaniya, laifinsa ya fi. Kuɗin Laraba ba ya sauke nauyin tarbiyya. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, a gida kuwa ya ke tsirowa.