Zaurance a Matsayin Ƙagaggen Harshe: Sharhi kan Tsarin Sautinsa da Yadda Ake Rubuta Shi

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen harshe shi ne wanda wasu mutane suka shirya da gangan, ba wanda aka gada kaka da kakanni ba. Fitaccen misali a ƙasar Kamaru shi ne Shumom, harshen sirri da Sarki Njoya na Fumban ya ƙaga wa fadarsa wajen 1912, inda ya tsinto kalmomi daga Jamusanci da Ingilishi da Faransanci, ya ɗora musu ma'anonin da ya ga dama. Njoya yana da haruffan da ya ƙirƙiro da kansa tun wajen 1896. Abin da ya fi kusa da wannan a wurin Bahaushe shi ne zaurance, sai dai shi ba ya da haruffa nasa na kansa, da boko ake rubuta shi. Wannan takarda tana ganin cewa bokon yau da kullum yana ɓoye mafi muhimmancin abin da zaurance ke koya wa ɗalibin tsarin sauti.

2.0 Abin da zaurance yake tonawa

Ayyukan da suka ɗauki zaurance da muhimmanci ba su da yawa. Akwai kundin digiri na uku na Ousseina Alidou a Jami'ar Indiyana (1997) kan wasannin harshe a harsuna shida na Nijar, sai ɗan gajeren babi a babban littafin nahawun Hausa na Paul Newman (2000). Littattafan makarantu kuwa sukan jera misalai biyu ko uku a ƙarƙashin wasannin yara, su wuce.

A ɗauki nau'in da ake cusa baƙin /b/ bayan wasalin kowace gaɓa in ban da ta ƙarshe, sannan a maimaita wasalin:

gida → gibida
ƙarfe → ƙabarfe
ƙauye → ƙaubauye

A kalmar ƙarfe ba a maimaita /r/ ba, an tura shi gaba ne ya rufe sabuwar gaɓa. A ƙauye kuwa /au/ ɗungurungum aka maimaita. Ke nan kunnen mai zaurance ya ɗauki tagwan wasali a matsayin abu guda, ba wasali da baƙin /w/ ba, domin da baƙi ne da an ji ƙabawye. Wannan muhawara ce da masana suka daɗe suna yi, ga shi yaron da bai taɓa shiga ajin nahawu ba ya ba da tasa hujjar.

Nau'in da ake juya gaɓoɓi shi ma yana da tasa shaidar. Ido yakan koma do'i, aiki ya koma ki'ai. Hamzar da ƙa'idar rubutu ta ce kada a rubuta ta a farkon kalma ta fito fili, wato babu gaɓar Hausa da ke farawa da wasali.

3.0 Inda boko ya gaza

A nau'in cusa /b/, dogon wasali yakan gajarce, kuma ana shafe karin sautin kalmar a ɗora mata wani sabo na sama da ƙasa. Wannan shi ne ainihin sirrin, ba baƙin da aka cusa ba. A duba fara ta fara aiki, da fara ƙwaro, da fara kishiyar baƙa. A baki kalmomi uku ne: ta farko da ta biyu suna da dogon wasali a gaɓar farko amma karinsu ya saɓa, ta uku kuwa wasalinta na farko gajere ne. A zaurance duka ukun sun zama fabara. To amma ai boko ya riga ya rubuta su iri ɗaya, don haka ɗalibin da ya karanta fara → fabara ba zai taɓa ganin abin da aka rushe ba. A nan Newman ya kyauta, domin yana sa alamar tsawo da ta karin ƙasa a misalansa. Ko ajami ya fi boko adalci ta wannan fuska, tunda yana nuna dogon wasali.

Gazawar ba ta rashin shawara ba ce. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya ba da shawarar a riƙa ninka dogon wasali. Nijar ta bi na wasu shekaru, Nijeriya ba ta bi ba, a taron Yamai na 1980 aka daidaita kan barin ninkawar. Fulatanci kuwa ya riƙe ta. Shi ya sa ɗalibin da ya taso a Garwa ko Bibemi, inda Fulatanci ne harshen kasuwa, in har ya taɓa karanta shi da boko, ba zai ga baƙon abu ba a rubuta faaraa da faraa. Takwaransa na Kano ne zai yi turjiya.

Ba ana nufin a taɓa daidaitacciyar ƙa'ida ba. A darasin zaurance kaɗai ya kamata malami ya rubuta kowace kalma sau biyu, asalinta da wasali ninke da alamar kari, sannan sigarta ta zaurance, kuma ya sa ɗalibai su furta kafin su kwafa.