Dami Ɗaya Cikin Goma: Zakkar Noma a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Idan kaka ta yi a ƙauyukan Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi a Nijar, tun daga Korgom da Maijirgi har Kanambakashe da garuruwan bakin Gulbin Kaba, manomi ba ya zuba hatsi a rumbu sai ya ƙirga dammunansa. Tara nasa, na goma na Allah. Yaro ma ya san wannan lissafi, kuma al'ada ce da ta cancanci yabo, domin ta kiyaye farilla a wurin da babu ma'aikacin da ke bi gida gida yana karɓa. Sai dai zakka ba ta tsaya ga adadin da ake fitarwa ba. Tana da sharaɗin wanda ta hau kansa, tana da sharaɗin wanda za a miƙa wa. Al'adar dami ta riƙe adadi gam, amma waɗannan sharuɗɗa biyu sun yi sako-sako a hannunta, kuma talaka ne ke kwana ciki.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan wannan ƙasa na Imamu Malik ne, daga Risala ta Ibn Abi Zaid har Muhtasar na Halil. A wannan mazhaba zakkar amfanin gona ba ta jiran shekara ta zagayo. Tana wajaba da zarar ƙwaya ta ƙosa, a fitar da ita bayan girbi. Abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma ne. Abin da aka shayar da guga ko inji, ɗaya cikin ashirin. Amma kafin duk wannan akwai nisabi: wasaƙi biyar, wato sa'i 300, ko mudun Annabi (SAW) 1,200. Malaman zamani sun kimanta shi kusan kilo 650. Da awon kasuwa, inda tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100, ya kama buhu shida da rabi. Kuma tsabar hatsi ake nufi, bayan sussuka da shiƙa. Dami ba ma'auni ba ne, domin damin wani ƙauye ya ninka na wani, zangarniyar bana ma ba lalle ta yi nauyin ta bara ba.

A jigawar da hekta guda ba kasafai take ba da rabin tan na gero ba, wannan iyaka tana da nauyi ƙwarai. Gonaki sun tsuke saboda yawan jama'a da rabon gado. Manomin da ya tashi da buhu huɗu babu zakka a kansa. In ya cire dami ya bayar, sadaka ya yi, yana da ladarta, amma bai kamata a bar shi da tsoron cewa rumbunsa ya haramta in bai fitar ba.

Akwai kuma batun haɗa iri. A wurin Malikawa gero jinsi ne mai zaman kansa, dawa ma haka, ba a tara su a cika nisabi. Mai buhu huɗu na gero da huɗu na dawa ya mallaki buhu takwas, amma zakka ba ta hau shi ba. Wake da danginsa kuwa ana haɗa su wuri guda. Haka nan nisabi yana bin mai mallaka. Abin da uwargida ta noma a gamanarta nata ne, ba a ɗora shi kan hatsin gandu. Ƴan'uwan da suka gaji gona suka noma ta tare, rabon kowa ake dubawa. Wanda ya karɓi gona haya ko jingina, shi ke fitar da zakkar abin da ya shuka.

Hukuncin da ya fi yi wa manoma nauyi shi ne na bashi. Mutum ya ci bashin hatsi da damina, ya yi alkawarin biya da kaka. A mazhabar Malik bashi yana sauke zakkar kuɗi, amma ba ya sauke ta hatsi da ta dabbobi. In amfanin ya kai nisabi, sai an fitar. Mai gardama zai ce wannan tsanani ne, kuma maganarsa tana da wurin zama. Amsarta tana cikin fiƙihun kansa: wanda bashi ya danne yana cikin masu haƙƙin karɓa. Malikawa sun ce fakiri shi ne wanda bai mallaki abincin shekara ba, miskini kuwa wanda ba ya da komai. Buhu bakwai ba sa kai gida mai mutum goma ga wata kakar. Ashe mutum ɗaya yana iya fitarwa da safe, ya karɓa da marece, babu kunya a ciki.

Nan ne al'ada ta fi kaucewa. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu karɓa, ta fara da fakirai da miskinai. Amma a ƙauyuka da yawa damin zakka ya saba da hanya biyu: ƙofar malam da ƙofar mai gari. Abin yana da asali. A zamanin sarakuna zakkar hatsi tana cikin abin da hukuma ke tarawa, malamin allo kuma ba ya da albashi, jama'a ke ɗaukar nauyinsa. Malamin da ba ya da abincin shekara ya cancanta, har ya fi wani, tunda ya tsare kansa ga karantarwa. Amma talaucinsa ne ya ba shi haƙƙi. Zakka ba ladan addu'a ba ce, ba kuma gaisuwar sarauta ba ce. Mai gari yana iya karɓa don ya raba, ba don ya cika rumbunsa ba. Haka kuma mutum ba ya ba matarsa ko ƙananan ƴaƴansa ko iyayen da ciyar da su ya wajaba a kansa, ba a kuma yafe wa matalauci bashi a lissafa shi zakka. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, da tsohon da ƴaƴansa suka tafi ci-rani shiru, su ne farkon layi, ko da ba su taɓa buɗe baki sun roƙa ba.

Wani abin lura shi ne, zakkar da ake gani da ido ita ake bi. Dami a fili yake, kuɗi a ɓoye. Mai awaki da tumaki 40 zai fitar da ɗaya, mai shanu 30 zai ba da maraƙi, kuma Malik bai ware shanun huɗa ko na turke ba. Ɗan kasuwa zai fitar da ɗaya cikin arba'in idan dukiyarsa ta kai ƙimar giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa, shekara kuma ta zagayo. Mai juya kaya kullum yana ƙiyasta hajarsa kowace shekara. Mai saye da kaka ya ajiye sai farashi ya hau, shi yana fitarwa ranar da ya sayar. Dukiyar da ke kwance a shagunan hatsi na Tasawa ta fi dammunan ƙauye guda, amma ba kowa ke tambayar ta ba. Haka aya, wadda ta zama amfanin sayarwa a jihar Maraɗi: ba ta cikin iri ashirin da Malikawa suka lissafa. Abu Hanifa yana ganin zakka a kan duk abin da aka noma don amfani, Ibnul Arabi kuma, duk da Bamalike ne, ya rinjayar da wannan ra'ayi. Mai noman aya da yawa ya kamata ya zauna da malamai kan wannan.

Waɗanda suka ga yunwar 2005, bayan fari da fara sun cinye amfanin 2004, sun san yadda gida ke rushewa a watannin da rumbu ya ƙare. Zakka kaɗai ba za ta hana fari ba, amma an shar'anta a raba ta nan take, a wurin da ta wajaba, kar a kai ta nesa sai in can sun fi buƙata. An kuma halatta a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara. Tiya ɗaya ɗaya ga mutum hamsin ba ta fitar da kowa daga ƙunci, amma buhu biyu ga gida ɗaya suna hana sayar da gona.

Batun wanda zai tara ya raba kuwa, Kano ta kafa hukumar zakka a 2003. Amma a Nijar damin manomi ba ya bi ta hannun gwamnati, don haka nauyin yana wuyan limamai da dattawa. Aikin ba ya buƙatar ofis. Liman ya yi huɗubar nisabi kafin girbi, a auna dami ɗaya a san tiya nawa ke cikinsa a bana, amintattu su zauna su san gidajen da wuta ba ta tashi. Wanda bai kai nisabi ba a faɗa masa gaskiya, wanda ya kai a nuna masa ƙofar da ta dace.