Lugude: Gwanintar da Ke Farawa Daga Ka

Injin niƙa ya yawaita a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, amma har yau turmi na nan daram. Ranar biki ko suna, mata biyu ko uku kan kewaye turmi ɗaya su shiga lugude. Wannan na saukewa waccan na ɗagawa, tabarya ba ta karo da 'yar'uwarta. Gwanar cikinsu sai ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke daidai kan gaɓa, ko ƙwayar gero ba ta fantsama ba.

Ƙarfin dantse kaɗai ba ya ba da wannan, akwai aikin ƙwaƙwalwa a ciki. Tun 1924 likitan Jamus Hans Berger ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, abin da yau ake yi da na'urar EEG. A 1964 kuma, a Jami'ar Freiburg, Hans Kornhuber da Lüder Deecke suka gano cewa idan mutum zai motsa hannu don ganin damarsa, wani lantarki kan fara taruwa a ƙwaƙwalwa tun da saura daƙiƙa guda ko fiye. Ke nan kafin tabarya ta bar tafin gwana, shiri ya riga ya kankama a ka.

Akwai kuma wata kaɗawar lantarki da ake kira “mu”, mai bugu 8 zuwa 13 a daƙiƙa, a sashen ƙwaƙwalwa da ke juya gaɓoɓi. Tana da ƙarfi idan hannu na hutawa, da an motsa sai ta lafa, musamman a ɓangaren da ke kishiyar hannun, domin ƙwaƙwalwar hagu ce ke tuƙa hannun dama. Mai daka da hannu biyu ta sa ɓangarorin duka aiki. Ita kuwa ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya tana daidaita lokaci, ta yi kirdadon inda tabarya za ta faɗo, yayin da kunne ke bin bugun abokiyar daka.

Masana sun lura cewa kaɗawar “mu” kan lafa ko da kallon mai motsi kawai mutum yake yi. Saboda haka yarinyar da ke tsaye gefen turmi, ta zuba wa yayarta ido, ta riga ta shiga makaranta. Sauran sai shekarun maimaici da kantar tafin hannu, har cilla da tafi da cafewa su haɗe su zama motsi guda.